Sharhi kan Rebecca: kishiyar da ke kabari ta hana amarya sakat

Duk mai neman littafin da fatalwa za ta fito da farin mayafi tana sintiri a kan bene cikin dare, kada ya ɓata kuɗinsa a kan Rebecca. Tun daga shafin farko har na ƙarshe babu wanda ya ga ko inuwarta. Amma na sha karanta labaran soyayya irin waɗanda ake kai budurwa wani tsohon katafaren gida mai ban tsoro, kuma babu wanda ya sa tsigar jikina tashi kamar wannan na Daphne du Maurier, wanda ya fito a Ingila a 1938.

Mai ba da labarin marainiya ce, marubuciyar ko suna ba ta raɗa mata ba. Tana aikin rakiyar wata attajira Ba'amurkiya a Monte Carlo ta haɗu da Maxim de Winter, mai shekara 42, wanda aka ce matarsa Rebecca ta nutse a teku. Kafin a ce kwabo ya aure ta, ya ɗauko ta zuwa Manderley, gidan kakanninsa da ke bakin teku. An san cewa wani tsohon gida ne mai suna Menabilly, a yankin Cornwall, ya ja hankalin marubuciyar, har daga baya ta karɓi hayarsa ta zauna a ciki shekaru da yawa. Da gani ka san ta san gida irin wannan ciki da waje.

A nan ne littafin ya biya ni kuɗina. Amarya ta tarar an binne uwargida, amma ba ta bar gidan ba. Teburin rubutunta yana nan da takardunta, kowane gurbi da laƙabinsa cikin rubutun hannunta, da harafin R ɗin nan dogo mai karkata. Aka ba amarya rigar ruwa ta saka, ta cusa hannu a aljihu sai ga hankicin Rebecca, har da sauran jan-baki da ƙamshi. Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da wayar cikin gida ta yi ƙara, aka ce ana neman matar de Winter, sai yarinyar nan ta amsa cewa ai matar de Winter ta rasu sama da shekara guda. Ta manta ita ake nufi. Wata rana kuma ta fasa wani ɗan gunkin ado na tangaran, ta tattara ɓaraguzan ta ɓoye a aljihun tebur, ta yi gum har sai da aka ɗora wa wani yaron gida laifin. Matar gida ke nan, a gidan mijinta.

Sai kuma Danvers, shugabar ma'aikatan gidan, wadda ta raini Rebecca tun tana ƙarama. Ita ce fatalwar gaskiya, sai dai tana da rai. Ɗakin marigayiyar da ke ɓangaren yamma, mai kallon teku, kullum a share yake, an shimfiɗa gado, an ajiye rigar barci da takalma da matajin kai kamar mai su za ta shigo da magariba. Lokacin da ta zagaya da amarya cikin ɗakin tana sa ta taɓa kayan ɗaya bayan ɗaya, sai da na ajiye littafin na sha iska.

Wannan dabara ta tsoro ba tare da aljani ba tsohuwa ce. Marubuciyar Ingila Ann Radcliffe ta yi fice da ita tun wajen 1794, kuma littafin Jane Eyre na 1847 shi ma labarin miji ne mai ɓoyayyen sirri a saman bene. Bambancin Rebecca shi ne tsoron yana cikin kan yarinyar. Ita ce ke ƙera wa kanta kishiyar da ta fi ta kyau, ta fi ta wayo, ta fi ta iya karɓar baƙi.

Ɓangaren soyayyar kuwa bai gamsar da ni ba. Maxim mutum ne mai ɗaure fuska, yana tafiyar da matarsa kamar ƙaramar yarinya, hatta wajen neman aurenta sai da ya kira ta 'yar sakara. Wanda bai karanta ba ya tsallake sauran wannan sakin layi. Da aka gano jirgin ruwan Rebecca da gawa a ciki, Maxim ya faɗa wa matarsa cewa shi ya harbe ta, kuma bai taɓa son ta ba. Yarinyar nan ko gezau a kan maganar kisan. Abin da ta ji kawai shi ne bai so ta ba, sai farin ciki ya lulluɓe ta. Na kama kaina ina addu'ar kada asirinsa ya tonu, alhali duk muguntar da aka jingina wa Rebecca daga bakin wanda ya kashe ta muka fi jin ta. Ƙwarewa ce babba a sa mai karatu ya goyi bayan mai kisa, amma ni ban kira wannan soyayya ba.

Sauran ƙorafina ƙanana ne. Farkon littafin yana jan ƙafa, kuma marubuciyar kan kwashe shafi guda tana siffanta furanni da bishiyoyi, da Turanci na zamanin da mai buƙatar ƙamus a kusa. Kashi na ƙarshe kuma ya koma zaman bincike da neman wani likita a Landan, ya bar gidan a baya, nan take tsoron ya ragu.

Wanda ya kalli fim ɗin Alfred Hitchcock na 1940, wanda ya ci kyautar Oscar, kada ya ɗauka ya san labarin. Dokokin tace fina-finai na Amurka a lokacin ba su yarda mai kisa ya sha ba, don haka aka mayar da mutuwar Rebecca tsautsayi, aka wanke Maxim tas. A fara da littafin.