-P ko @Option: wanne ya dace da aikin deploy a Gradle?

Ɗan'uwa, ka ce kana da aikin `deploy` a Gradle (kayan aikin da ke haɗa manhaja daga lambobinta), kana so ka riƙa gaya masa daga layin umarni ko sabar (server) gwaji zai tura manhajar ko ta ainihi, kuma ka ga wasu na amfani da `-P`, wasu `@Option`. Kowanne zai biya buƙata, sai dai ba halinsu ɗaya ba.

`-P` ta fi sauri. Ka buga `./gradlew deploy -Psaba=gwaji`, ka karanto ta da `providers.gradleProperty("saba")`, shi ke nan. Kowane aiki na iya ganin ta, kuma ba dole sai ta layin umarni ba: kana iya ajiye ta a `gradle.properties`, ko ka saita `ORG_GRADLE_PROJECT_saba` a matsayin environment variable (ƙimar da injin ke riƙe wa shirye-shirye) a kan injin da ke haɗa manhajar. Aibinta shi ne ba ta da baki. Hannu ya zame ka rubuta `-Psaab=gwaji`, Gradle zai karɓa bai ce uffan ba, aikin ya ci gaba da abin da ka tanadar masa idan ba a ba shi komai ba. In kuwa sabar ainihi ka tanadar, to ka tura wa jama'a abin da ba a gama gwadawa ba. Sannan duk abin da ya shigo ta nan rubutu ne zalla. Ko `false` ka rubuta, kai za ka juya ta zuwa e ko a'a da kanka.

`@Option`, wadda aka buɗe wa kowa a Gradle 4.6 a 2018, ta fi cin aiki. Sai ka rubuta aikin a matsayin `class` nasa, ka ɗora `@Option(option = "saba", description = "...")` a kan `saba` ɗin da ka ayyana a cikinsa. Daga nan `./gradlew deploy --saba=gwaji` zai yi aiki, wanda ya kuskure sunan kuma Gradle ya tsayar da shi nan take. Idan ka yi amfani da `enum`, wato ƙayyadadden jerin ƙimomi, har ƙimar da ba ta cikin jerin ma ƙin ta zai yi. Abin da ya fi burge ni shi ne `./gradlew help --task deploy`: sabon shiga zai ga zaɓuɓɓukan da bayaninsu ba sai ya tambayi kowa ba.

Amma ita ma tana da tarko. Tana aiki ne kawai in ka ambaci sunan aikin da kanka, zaɓin kuma ya biyo bayansa. Shi ya sa `gradle test --tests Abc` ke tafiya, `gradle check --tests Abc` kuwa ya faɗi, duk da cewa `check` ɗin na kiran `test`. Don haka idan wani aikin ne ke janyo `deploy` ɗinka, `--saba` ba za ta isa gare shi ba sai in ka ambaci `deploy` ɗin da kanka.

Ni dai a naka, `@Option` zan ɗauka, domin aikin da ke taɓa sabar ainihi bai kamata ya haɗiye kuskure shiru ba. In kana buƙatar duka biyun, ka sa `saba.convention(providers.gradleProperty("saba"))`, sai `-P` ta cike gurbin duk lokacin da ba a ba da `--saba` ba.

Kalmar sirri kam kada ta bi ko ɗaya daga cikinsu a layin umarni, tarihin umarnan da ka buga zai riƙe ta. A ba ta ta `ORG_GRADLE_PROJECT_`.