Na'urar da ya kamata a saya don binciken ƙananan kumfar iska a kan shimfiɗar furotin

Kumfar da ake magana a kai ba ta ganuwa da madubin binciken da aka saba. Tana manne a fuskar abu mai ƙarfi cikin ruwa, tsayinta galibi bai kai nanomita 100 ba (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita). A 1994 masana kimiyya Parker da Claesson da Attard suka fara zargin akwai ta, sai a 2000 masu bincike a Shanghai da Japan suka ɗauki hotonta da na'urar AFM, wadda ke bin fuskar abu da siririyar allura ta fitar da hoton tudu da kwarinsa. Har yau AFM ce zan ce a fara saya.

Dalili kuwa furotin ne. Idan aka shimfiɗa furotin BSA na jinin shanu a kan girafayit (baƙin abin da ke cikin fensir), yana kewaye kumfar, bayan ta tafi sai ya bar rami ko zobe a gurbinta. AFM na nuna wannan sawu da faɗinsa da zurfinsa. Amma a nemi wadda ke da mazubin aiki cikin ruwa, kuma allurarta na taɓa abu a hankali, kamar tsarin PeakForce na kamfanin Bruker. Allura mai danna ƙarfi takan ture kumfar, ta kuma kankare furotin ɗin. Kamfanonin Oxford Instruments da Park Systems ma suna da nasu na'urorin AFM; a gwada samfurinka a kansu kafin a biya.

Wata na'urar kuma, QCM-D, mai ƙaramin kiristal da ke kaɗawa sau miliyan 5 a daƙiƙa, tana auna yadda furotin ke kamawa da sakewa a lokacin da abin ke faruwa, amma hoto babu. Madubin TIRF, wanda ke haska abin da ke dab da fuskar gilashi kawai, yana da sauri, sai dai sai an sa rini mai haske, kuma rinin kansa na iya taɓa kumfar.

Wani abu da ke damuna: AFM ba ta iya tabbatar da cewa tudun da ta gani iska ce. A 2014 an nuna cewa man silikon daga allurar sirinji ta yarwa yana barin ɗigo masu kama da kumfa sak. Don haka a ware kuɗin sirinjin gilashi da na'urar cire iska daga ruwa. Kumfa ta gaskiya takan ɓace a ruwan da aka cire wa iska. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, a haɗa da batirin ajiya da teburin hana girgiza tun a lissafin farko.