'Yar na'urar OBD da na saka wa C200 Kompressor a zafin Kano

Duk mai Mercedes Kompressor a arewa ya san yadda gaba ke faɗuwa idan Afrilu ya kama, rana ta haura digiri 40, kana tsaye a gosulo a titin Zariya da esi a kunne. Tawa C200 ce ƙirar W203 mai injin M271, lita 1.8. Abin da ya sa na sayi wannan na'ura ta OBD, wadda ke karanto bayanan inji daga kwamfutar mota ta nuna a waya, shi ne na gaji da jin "ai motar Turai ce, ba ta son zafi" ba tare da wani ya nuna min lamba ba.

'Yar ƙarama ce, an rubuta ELM327 a jikinta, babu sunan kamfani, kuɗinta bai kai na rabin tankin mai ba. Ana cusa ta a soket mai ƙafa 16 da ke ƙasan sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, ni da manhajar Torque nake karanta ta. Masu iPhone su kula, irin wannan mai arha galibi da Android kawai take aiki.

Zafin ruwan lagireto dai, a kan hanyar Kaduna yana zama tsakanin digiri 88 da 92. Cikin gari da tsakar rana yana hawa 98, wani lokacin ya taɓa 103, fanka ta tashi da ƙarfi ta dawo da shi. Wannan ba obahitin ba ne. Littafin motar ma iyakar da ya gindaya ita ce digiri 120, kuma ruwan da aka haɗa rabi da rabi da kulan, wato sinadarin da ake zuba wa lagireto, murfin yana riƙe iska yadda ya kamata, ba ya tafasa a 100. Ni dai ba na jira sai 120. Idan na ga 110 kuma yana ƙara hawa, na kashe esi na nemi inuwa.

Inda na'urar ta biya kuɗinta shi ne lambar da allon mota ba ya nunawa: zafin iskar da ke shiga inji. Kwamfuresan inji, wato Kompressor ɗin, ba na esi ba, matse iska yake yi ya tura cikin inji, iska kuwa idan aka matse ta zafi take ɗauka. Shi ya sa aka saka wa iskar nata lagireton a gaba, wanda iskar hanya ke sanyaya shi. Idan mota na gudu, lambar ba ta nisa da zafin waje sosai. Ka tsaya a gosulo, sai ka ga ta haura 60. A nan kwamfutar mota ke jinkirta wutar fulogi don kada man ya riƙa fashewa kafin lokaci, kai kuma ka taka totur ka ji motar ta yi nauyi. Da yawa nan suke zargin man gidan mai ko famfon mai. Ni da na ga haka, sai na sa aka wanke ƙurar hunturu da ta toshe gaban lagiretocin, lambar ta sauka ƙwarai.

Wani bakanike a Ƙofar Ruwa ya ce min, "Alhaji, mu cire tamostat kawai mu haɗa fanka dairek, ka huta." Na nuna masa waya. Motar da ke zaune a 90 me za a gyara mata? Tamostat shi ke tare ruwa daga lagireto har sai inji ya yi ɗumi; idan aka cire, inji zai daɗe bai yi ɗumi ba da safe, ya ƙara shan mai, kuma idan lagireto ne ya toshe matsalar tana nan inda take.

Aibunta biyu ne a wurina. Takan yanke da waya haka kawai, sai an zare an mayar. Sannan soket ɗin yana da wuta ko an kashe mota, don haka idan za ka ajiye ta kwanaki, zare ta saboda batir. Zafin man inji kuma ba ta nuna min shi, wanda na so a ce tana yi, domin a doguwar tafiya shi ma abin lura ne.

Wanda motarsa ke da kwamfuresa ko tobo ya saya, ya saita ƙararrawar zafin ruwan lagireto a manhajar kan digiri 108, ya ajiye wayar a mariƙi, ba a hannu ba.