Saƙo daga Kalifoniya: wa ke riƙe da kuɗin maganin talaka?

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Tambayar da kuka fi yi mana ita ce ko gaskiya ne a Amurka marar kuɗi ba ya ganin likita. Amsar ta danganta da jihar da mutum yake zaune. Za mu ba ku bayanin Kalifoniya, domin tsarinta yana da abin da ya shafi muhawarar da ake yi a gida kan hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi.

Gwamnatin tarayya ta kafa shirin Medicaid a 1965 don masu ƙaramin ƙarfi, Kalifoniya kuma ta fara nata a 1966 da sunan Medi-Cal. Yau kusan mutum ɗaya cikin uku na jihar yana cikinsa. Tun 2014, baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci na tarayya ba, ya cancanta, wato a 2025 dala 21,000 da 'yan kai a shekara ga wanda yake shi kaɗai. Galibin waɗannan mutane ba jihar ce ke biyan asibiti kai tsaye a madadinsu ba. Tana ba wata hukumar inshora kuɗin kai, adadi tsayayye kan kowane mutum a kowane wata, ko ya yi ciwo ko bai yi ba, ita kuma hukumar ta ƙulla yarjejeniya da likitoci da asibitoci ta riƙa biyansu. Wanda ya san yadda kamfanonin inshorar lafiya na HMO ke aiki a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, a Najeriya ya gane wannan tsari. Bambancin yana wajen wanda ake danƙa wa kuɗin.

A farkon shekarun 1970, lokacin da Ronald Reagan ke gwamna, jihar ta buɗe ƙofa ga kamfanoni masu zaman kansu, kuma abin bai yi daɗi ba. Dillalai suka riƙa bi gida gida suna sa talakawa hannu a takarda da yaudara, wasu kamfanonin suna karɓar kuɗin kai suna zurara shi zuwa wasu kamfanoninsu, mara lafiya ya je ya tarar babu likita. Wannan badaƙala na cikin abin da ya haifar da dokar Knox-Keene ta 1975, wadda har yau da ita ake sa ido kan kamfanonin inshorar lafiya a jihar.

Daga nan tunani ya karkata ga gundumomi, waɗanda jihar ke da 58. A 1983 gundumar Santa Barbara ta kafa hukumar gwamnati guda ɗaya da ta karɓi duk masu Medi-Cal na yankin, ita ce ake kira CenCal Health yanzu. Monterey ta gwada irin haka a lokaci guda, amma tata ta durƙushe cikin 'yan shekaru. San Mateo ta biyo baya a 1987, Partnership HealthPlan ta fara a Solano a 1994, CalOptima kuma a gundumar Orange a 1995. A irin waɗannan wurare kusan babu zaɓi, galibin masu Medi-Cal na hukumar gunduma ne.

A manyan gundumomi aka ɗauki wata hanya, ta hukumomi biyu: ɗaya ta jama'a, ɗaya ta kamfanin kasuwa, mutum ya zaɓa. Dalilin kafa ta jama'ar yana da muhimmanci a fahimce shi. Asibitocin gunduma da ƙananan asibitocin unguwa su ne ke duba wanda ba shi da komai, kuma kuɗin Medi-Cal ne ke riƙe da su. An ji tsoron kamfanoni su janye masu katin Medi-Cal zuwa asibitocin kuɗi su bar na gwamnati da marasa ko sisi. Saboda haka aka kafa Inland Empire Health Plan da Alameda Alliance a 1996, sai L.A. Care ta Los Angeles a 1997, wadda a yau ita ce hukumar inshorar lafiya ta jama'a mafi girma a ƙasar, da mutum fiye da miliyan 2. Sacramento da San Diego kuwa kamfanoni da yawa ne ke gasa a cikinsu.

Abin da ya fi burge mu a waɗannan hukumomi shi ne ba su da masu hannun jari. Rarar da ta saura tana zama a asusun hukumar ko a mayar da ita ga asibitocin yankin. A kwamitin gudanarwa za ka samu wakilan gunduma, likitoci, shugabannin asibitoci, da wakilan masu katin kansu, kuma doka ta wajabta a yi zaman a bainar jama'a, kowa na iya zuwa ya yi magana. Kamfanin kasuwa yana iya tattara komatsansa in riba ta ja baya, ita kuwa hukumar gunduma ba ta da inda za ta je.

Ga yadda abin ke tafiya ga wanda ya shigo. Ofishin jin daɗin jama'a na gunduma ne ke tantance cancanta, ba hukumar inshorar ba, kuma mutanenmu da dama suna rikita biyun. In gundumar mai zaɓi ce, takardu za su zo ta gidan waya, a ba mutum kwana 30. Wanda bai zaɓa ba sai a zaɓa masa, haka ma likitan farko, kuma ana iya haɗa shi da wanda ke can wani gefen gari. Wannan likitan shi ne ƙofa, ba a ganin ƙwararre sai da takardar turawa daga gare shi, manyan gwaje-gwaje da tiyata kuma sai hukumar ta amince tukuna. Ƙa'ida ta ce a ba da ranar ganin likitan farko cikin kwanakin aiki 10, ta ƙwararre cikin 15. Tafinta kyauta ne, motar zuwa asibiti ma kyauta ce ga wanda ba shi da hanya, sai dai tafintan Hausa yawanci ta waya ake samunsa kuma gara a nema tun kafin ranar. Magani kuma tun Janairun 2022 jihar ta cire shi daga hannun hukumomin ta riƙe da kanta, ciwon ƙwaƙwalwa mai tsanani yana hannun sashen gunduma daban, haƙori ma a yawancin wurare tsarinsa daban.

Inda ake cijewa shi ne jira. Medi-Cal na biyan likita ƙasa da abin da inshorar kasuwa ke biya, don haka ƙwararru da yawa ba sa karɓar katin, sunan wasu ma yana cikin littafin hukuma alhali sun daina ɗaukar sabbin marasa lafiya. A Los Angeles kuma kuɗin na bin hannu da yawa, hukuma ta miƙa wa wani kamfani, shi ya miƙa wa ƙungiyar likitoci, takardar neman izini ta maƙale a tsakani. A 2022 hukumomin jihar suka ci tarar L.A. Care dala miliyan 55 saboda jinkirin amincewa da magani da tarin ƙorafe-ƙorafen da ba a duba ba. A 2023 mai binciken kuɗi na jihar ya ce CalOptima ta tara rarar da ta haura dala biliyan 1 maimakon ta kashe wa jama'a. Kasancewar hukuma ta jama'a bai hana ta sakaci ba, amma an samu mai bincike, an buga rahoton, kowa ya karanta.

Wanda aka hana wani magani yana da kwana 60 ya ɗaukaka ƙara, hukumar ta amsa cikin kwana 30, in bai gamsu ba yana da kwana 120 ya nemi zama gaban alƙalin jiha. Abin da ya fi raba mutane da katinsu kuwa shi ne takardar sabuntawa ta shekara shekara, a aika ta tsohon adireshi, mutum bai sani ba sai ranar da ya je asibiti.

A gida, dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma jihohi na da hukumominsu, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. Siffarsu ta yi kusa da ta hukumomin gundumomin nan, amma tushen kuɗin ya bambanta. A nan haraji ne na tarayya da na jiha ke biya wa talaka, a gida kuwa ƙarfin asusun ya fi dogara ga abin da ake cira daga albashin ma'aikata, sai ɗan abin da asusun kula da lafiya a matakin farko ke kawowa daga kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya. Manomi da mai sana'ar hannu yawancinsu har yanzu daga aljihu suke biya. Kuɗin Kalifoniya ba za mu same shi gobe ba. Amma sa wakilin masu kati a kwamiti, da yin zama a fili, da rubuta adadin kwanakin da za a amsa ƙorafi, da biyan asibiti kuɗin kai a kan lokaci, duk waɗannan majalisar dokokin jiha na iya sa su cikin doka, kuma ya kamata masu biyan kuɗin taimakekeniya su nema daga wakilansu.