ThinkPad T480 da RAM 64GB: abin da na gani bayan na wuce iyakar da kamfani ya rubuta

Ta ɗauka. Amsar da nake ba duk wanda ya tambaye ni ko laftof ɗina ThinkPad T480 ta ɗauki 64GB na RAM (wurin da kwamfuta ke baje aikin da take kai) ke nan, alhali takardar bayanan da Lenovo, masu ƙera ta, ta fitar ta ce iyakarta 32GB. Kwamfutar ta tashi, Windows ya ga 64GB ɗin cif, kuma har yau ba ta taɓa yi mini gardama a kansa ba. Ko kuɗin da na kashe ya biya, wannan magana ce daban, kuma ita ta sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Sana'ata koyar da sadarwar kwamfutoci ce. Wanda ya san manhajar GNS3 ya san yadda aikin yake: maimakon ka sayi na'urorin Cisco na zahiri, sai ka tayar da kwaikwayonsu a cikin kwamfutarka, ka haɗa su, ɗalibai su lalata su gyara. Matsalar ita ce kowace na'urar kwaikwayo tana yankar rabonta daga RAM ta riƙe. Na'urar kwaikwayon Cisco mai suna CSR1000v, guda ɗaya 4GB take nema kafin ta ce uffan. Ka tayar da shida, ka ƙara Windows Server biyu, ga Windows ɗin da ke ɗauke da su duka, ga Chrome da cinsa na rashin imani, sai ka ga 32GB ta cika maƙil. Daga nan kwamfuta ta fara jibge abin da ya rasa wuri a kan SSD, ma'ajiyar fayiloli wadda ba ta kai RAM sauri ba, linzami ya riƙa tafiya yana tsayawa, aji ya yi tsit ana kallona.

Tawa 'yar gwanjo ce, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke sallamawa bayan ma'aikata sun gama da su, na saye ta a layin Beirut a Kano. Farosesarta i5-8350U ce, mai zuciya huɗu, wato sassa huɗu masu yin aiki a lokaci guda. Abin da ya sa T480 ta yi farin jini wurin masu son taɓa cikin kwamfuta shi ne tana da gurbin RAM biyu, duka ana cirewa ana sawa. T480s da ta fito tare da ita, da T490 da ta gaje ta, gurbi ɗaya kawai suke da shi, ɗaya RAM ɗin a manne yake da allon uwa.

Ban sayi komai ba sai da na fahimci daga ina 32GB ɗin nan ta samo asali, kuma lissafin mai sauƙi ne. A farkon 2018 aka fito da T480. A lokacin, RAM na laftof mafi girma da ke kasuwa na DDR4 mai 16GB ne, domin ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin da ke jikinsa kowace 1GB take ɗauka, kuma guda 16 ne ke samun wuri, takwas gaba takwas baya. Gurbi biyu, 16GB sau biyu, 32GB ke nan. Sai a watan Mayun 2018 Samsung ta sanar da RAM na laftof mai 32GB a guda ɗaya, da sababbin ƙwayoyi masu 2GB kowace. Wato Lenovo ta rubuta abin da ta samu ta gwada ta kuma yarda ta ba da garanti a kansa. Da alama ba ta koma ta sake gwaji don tsohuwar kwamfuta ba, kuma ban ga laifinta ba, hankalinta na kan sayar da sabuwa. Wanda ke yanke hukuncin gaskiya shi ne sashen kula da RAM da ke cikin farosesa, tare da BIOS, manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows: in sun san yadda za su yi magana da manyan ƙwayoyin, shi ke nan.

Ba a kan T480 aka fara ba. MacBook Pro mai inci 13 ta tsakiyar 2012, wadda ba Retina ba, Apple ta ce 8GB, mutane sun shekara da shekaru suna aiki da 16GB a cikinta. Haka ThinkPad X220 ta 2011.

Na sayi Samsung guda biyu iri ɗaya, a jikin takardarsu an rubuta 32GB 2Rx8 PC4-2666V. Gudunsu 2666 ne, amma T480 a 2400 take tafiyar da su, don haka babu amfanin biyan ƙarin kuɗi don neman mai 3200, shi ma saukowa zai yi. Kafin na kwance komai na sabunta BIOS, na haɗa da manhajar Thunderbolt da Lenovo ta yi gargaɗi a sabunta a wannan samfurin. Sawar ba ta da wuya, sai dai wuri ɗaya da ake yawan mantawa. T480 batir biyu gare ta, na waje da na ciki. Cire na waje bai isa ba. Sai ka danna F1 lokacin tashi ka shiga BIOS, ka kashe batirin ciki daga sashen wuta, sannan ka kwance murfin ƙasa. Kusoshin ba sa fita gaba ɗaya, suna maƙale a murfin, kada ka ja su da ƙarfi. Ka buɗa 'yan ƙarafunan gefe, tsohon RAM ya ɗago da kansa, ka zura sabon a karkace ka danna har ya yi ƙas. In lokacin hunturu ne, jiki na tara wutar da ke tartsatsi in ka taɓa ƙarfe, to ka taɓa wani ƙarfen ka sauke ta kafin ka kama RAM, kuma ka riƙe shi ta gefe.

Tashin farko yana da ban tsoro. Allo ya yi baƙi ƙirin na wani ɗan lokaci, fanka na juyawa, babu tambarin Lenovo. Kwamfutar tana auna sabon RAM ne tana daidaita kanta da shi. A bar ta. Da ta gama sai ta tashi kamar kullum, kuma ba ta sake yin wannan jinkirin ba.

Ganin 64GB a allo bai isa hujja ba. RAM na iya bayyana cikakke alhali wani lungu nasa na ɓata bayanai, kuma ba za ka sani ba sai ranar da aiki ya kai lungun. Na sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filasha na bar shi ya yi zagayensa huɗu. A kan 64GB abin yana cin awoyi masu yawa, kwana ake yi, saboda haka a tanadi wuta tukuna. In aka ɗauke a tsakiya batir ya ƙare, daga farko za a koma. Nawa ya fito babu kuskure ko ɗaya.

To me ya canja? A aikin da na saye shi dominsa, komai. Ina tayar da dukan na'urorin darasi tun da safe in bar su a kunne, in koma wani aikin in dawo in same su yadda na bar su. Tsayawar linzami ta ƙare. A sauran abubuwa kuwa, ko kaɗan. Windows bai ƙara saurin tashi ba, Word da Excel suna nan yadda suke, bidiyon da nake haɗawa na darasi lokacin da yake ɗauka da shi yake ɗauka yanzu. RAM kamar teburin tela ne: faɗinsa na ba shi damar baje yadi da yawa a lokaci guda, amma ba ya ƙara wa keken ɗinki gudu. Wanda bai taɓa cika 16GB ba, in ya sa 64GB, kuɗinsa kawai ya ajiye a cikin kwamfuta.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne inda cunkoson ya koma. Da RAM ke tsayar da ni, yanzu farosesa. i5-8350U an yi ta ne don tattalin batir, wat 15 aka tsara mata. In na tayar da na'urori da yawa a lokaci guda, zukatan nan huɗu duk su haye ɗari bisa ɗari, fanka ta kama kuka, zafi ya hau, ita kuma ta rage gudu don kada ta ƙone. A zafin Afrilu, a ɗakin da babu na'urar sanyaya wuri, abin ya fi muni. Dabarata ita ce in riƙa tayar da su ɗaya bayan ɗaya. Da zarar sun zauna ba sa cin farosesa sosai. Duk da haka, farosesar na gajiya tun RAM bai cika ba, kuma da wuya in ga amfanin ya wuce 45GB.

Akwai kuma harajin da ba a faɗa maka. Windows yana ware fayil na dogon barci (hibernate, inda yake kwashe abin da ke RAM ya ajiye kafin kwamfuta ta mutu) da girmansa ke bin girman RAM, kusan kashi 40 cikin 100. A kan 64GB, sama da 25GB ke nan ya tafi daga SSD, kuma tawa mai 256GB ce a lokacin. Na kashe dogon barcin da umarnin powercfg /h off na karɓo wurina. Batir kuwa ban ga bambancin da zai dame ni ba yayin aiki, sai ɗan abin da yake ragewa in na bar ta a gajeren barci ta kwana.

Kada wani ya karanta wannan ya ɗauka kowace iyaka ta bogi ce. Wata iyakar bango ce ta gaske. RAM na DDR3 mai 16GB a guda ɗaya ba ya aiki a laftof masu farosesar Intel ta zamani na biyu da na uku da na huɗu, sai daga na biyar. X220 da T430 a 16GB ɗin nan za su tsaya, wato 8GB biyu. Wadda aka manne mata RAM gaba ɗaya, irin X1 Carbon ko MacBook masu Retina, babu ma gurbin da za a sa. Windows mai 32-bit ba ya wuce 4GB komai ka cusa. Kuma DDR3 da DDR4 da DDR5 ba sa shiga gurbin juna, tsagar da ke jikinsu ba wuri ɗaya take ba. Har lambar da wasu manhajoji ke nunawa a matsayin iyakar kwamfuta ba abin dogaro ba ce, domin abin da masu rubuta BIOS suka shigar ne take karantowa. Abin da na dogara da shi shi ne shaidar mutanen da suka gwada a samfurin da ya yi daidai da nawa, harafi da lamba, da farosesa iri ɗaya.

Wajen saye, ka tafi da kwamfutarka shago a sa a gabanka. Ka buɗe manhajar CPU-Z ka duba sashen SPD mai nuna bayanan da ke cikin RAM, ka tabbata sunan kamfani da girma da lambar da ke ciki sun yi daidai da takardar da aka liƙa, domin takarda ana sauya ta. Sannan kai da mai shago ku yi magana da baki kafin kuɗi ya fita. Ni ce masa na yi, "Alhaji, zan kwana ina gwadawa, in ya nuna kuskure zan dawo da shi." Ya ce, "Malam, je ka gwada, in dai ba ka ƙona shi ba." Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, ka wuce shago na gaba. Ka kuma ajiye tsohon RAM ɗinka, kada ka yi saurin ba da shi a rage maka kuɗi, har sai gwaji ya kammala.

Ga mai T480 da aikinsa ya yi kama da nawa, shawarata ya fara da guda ɗaya mai 32GB, ya bar tsohon 16GB ɗinsa a ɗaya gurbin. 48GB ke nan da rabin kuɗin. Ba daidai suke ba, don haka wani ɓangaren RAM ɗin zai yi aiki ta hanya ɗaya maimakon biyu, amma na'urorin kwaikwayo wuri suke nema, ba su damu da wannan ba. Ya buɗe Task Manager a ranar da aiki ya fi yawa ya duba. In 48GB ɗin ta cika, sai ya sayo na biyun.