Hattara da masu tallar "Core i7 sabuwa dal" a ofisoshin jami'a

'Yan uwa ma'aikatan jami'a, malamai da ma'aikatan ofis, akwai wata damfarar sayar da laftof da ke yawo a zaurukanmu na WhatsApp, tana kuma bin ofis-ofis da ƙafa. Ta ci mutane da dama a ɓoye, don wanda aka cuta yakan ji kunyar faɗa, balle a ce Dakta ne ko shugaban sashe. Ni a sashen kula da kwamfutoci nake aiki, a wata jami'a ta Arewa, kuma teburinmu ake kawo kayan bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Mutumin yakan zo fes da shi, da kati da takarda mai tambarin kamfani. Ba ya fara tallar da kansa. Sai ya nemi wani na ciki wanda ake ganin mutuncinsa, ya sayar masa da laftof mai kyau ta gaske a kan farashi mai sauƙi. Shi wannan bawan Allah, da zuciya ɗaya, shi zai saka tallar a zauren sashe ya ce ya gwada, babu matsala. Tallar kuwa kusan kullum iri ɗaya ce: Core i7, sabuwa dal a kwali, da Windows 11 da Office a ciki, garantin shekara guda, a ba da rabin kuɗi yanzu, sauran in an yi albashi. Sai a ƙara da cewa 'yan kaɗan suka rage, wanda bai tura kafin alƙalami yau ba ya rasa.

Wasunsu da zarar kuɗi sun taru sai waya ta mutu, shi ke nan. Waɗannan ɓarayi ne tsagwaronsu, ba su buƙatar dogon bayani. Waɗanda suka fi damuna su ne masu kawo kayan, domin su ba sa gudu. Suna nan, gobe ma za su shiga wata tsangayar.

Duk dabarar tana kan wannan sitika ta i7, wato sunan furosesa, ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da aikin laftof. Mutanenmu sun haddace cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, daga nan ba sa ƙara tambaya. Alhali kamfanin Intel ya fi shekara goma sha biyar yana fitar da i7, zubi bayan zubi, kuma tsohon zubi ba ya kama ƙafar sabo. Lambar da ke bayan ɗan layin nan ita ce gaskiyar magana. In ka ga i7-3520M, wannan 3 ɗin zubi na uku ne, na 2012. In ka ga i5-8250U, zubi na takwas ne, ya fito a 2017, yana da cibiyoyin aiki huɗu, alhali wancan i7 ɗin biyu gare shi. Ko i7-7500U, da shekara ɗaya kacal ya girmi wannan i5 ɗin, cibiya biyu ce. Wato i5 ɗin da aka raina ya fi su duka ƙarfi. Daga zubi na goma zuwa sama lambobi biyun farko ake karantawa: 10210U na goma, 1135G7 na sha ɗaya, 1235U na sha biyu.

Wani zai ce, to ni Word da Excel kawai nake yi, sai shigar da sakamakon jarrabawa a fotal, me ya dame ni da zubi? Abin da ya dame ka shi ne Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, in ban da wani ɗan ƙarin wa'adi na facin tsaro da ta buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuma, a ƙa'ida, tana son furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, da guntun tsaron nan TPM 2.0. Masu wannan sana'a sun san hanyar cusa Windows 11 a kan tsohon inji ta bayan fage, ka kunna ka ga komai sabo yana sheƙi. Microsoft kuwa ta faɗa ƙarara cewa injin da aka yi wa haka ba ta ɗauki alkawarin ci gaba da aika masa sabuntawa ba. Laftof ɗin da ke ɗauke da makin ɗalibai, da takardun tambayoyin jarrabawa, da bayanan albashi, bai kamata ta zauna a wannan hali ba.

Kada kuma sunan samfurin ya ruɗe ka. HP EliteBook 840 G3 zubi na shida ce, G4 na bakwai. Ita kanta G5, da Lenovo ThinkPad T480, da Dell Latitude 7490, waɗanda muke yabawa, akwai waɗanda aka ƙera da furosesa zubi na bakwai a cikinsu. Jiki ɗaya, suna ɗaya, ciki daban. Nan ne ma wanda yake ganin ya waye yake faɗawa.

Sannan kada ka yarda da shafin About na cikin Windows shi kaɗai. Sunan furosesa da ke fitowa a wurin rubutu ne da ake iya canzawa a cikin rijistar Windows, yaro mai ɗan wayo zai yi shi cikin minti biyu. An taɓa kawo mana wadda shafin ke cewa i7, da muka leƙa ciki Celeron ce, da ma'ajiya ƙarama irin eMMC da aka liƙe a jikin allon injin, ba ta ciruwa balle a ƙara. Maganin wannan shi ne BIOS, shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi. Ka kashe laftof ɗin da hannunka, ka kunna, ka riƙa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce. A can za ka ga ainihin furosesa, da yawan RAM, da lambar siriyal. Ka gwada lambar da wadda ke ƙasan laftof ɗin da wadda ke jikin kwali, sannan ka shigar da ita a shafin HP ko Dell ko Lenovo, zai nuna maka samfurin da lokacin da garantinta ya fara da lokacin da ya ƙare. "Sabuwa dal" da garantinta ya ƙare tun shekarun baya ta gama ba ka amsa. In kuma BIOS ɗin ya nemi kalmar sirri, mai kaya ya ce bai sani ba, ajiye masa abinsa.

Batir ma yana da shaidarsa. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da wanda yake iya ɗauka yanzu. A ƙasar da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar taron Zoom, batirin da ya koma rabi asara ce, sai dai a cire kuɗin sabo daga cinikin. Manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce, tana nuna awannin da ma'ajiyar ta yi a kunne. Sabuwa ba ta zuwa da dubban awanni.

Akwai wadda ta fi ba ni takaici. Wasu daga cikin tsofaffin nan da ake shigowa da su daga Turai da Amurka har yanzu suna cikin rajistar kamfani ko makarantar da ta mallake su. Suna aiki lafiya lau, sai ranar da aka sake musu Windows aka haɗa da intanet, allon ya fito da sunan wani kamfani can yana neman ma'aikacinsa ya shiga. Don haka a sake mata Windows a gabanka, a haɗa ta da intanet kafin ka biya. Shi kuwa Office ɗin "kyauta", sau da yawa na sata ne mai wa'adin kwana 180, wata rana sai Hajiya sakatariya ta buɗe takarda ta tarar da jan saƙo a sama.

Ni ba na ƙyamar tsohuwar laftof. Landan-yus mai gaskiya, wadda aka faɗa maka shekarunta aka saka mata kuɗin da ya dace, ta fi sabuwa mai arha ta roba ƙarko nesa ba kusa ba, kuma akwai 'yan kasuwa masu amana da ke sayar da su, za su bar ka ka yi duk wannan bincike ba tare da ɓata rai ba. Aikin ofis bai wuce i5 zubi na takwas zuwa sama, ko Ryzen 5 makamancinsa, RAM 8GB (16GB in kana yawan buɗe shafuka da manyan fayilolin Excel), da SSD 256GB, da allo inci 14 mai 1920 x 1080 don idanunka. Ka tabbata akwai ramin HDMI saboda majigin ɗakin taro. Ba ka buƙatar i7, balle katin zane na masu wasan gem.

Shugabannin ƙungiyoyin adashe na ma'aikata da jami'an sito, ku ne aka fi hari, don a wurinku ake sayen da yawa. Samfurin da aka kawo gwaji daban, waɗanda ke cikin sauran kwalayen daban, har akan zare RAM ɗaya bayan an gama dubawa. Ƙirga kwali ba karɓar kaya ba ne. A buɗe kowace, a kira ɗan sashen kwamfuta, a rubuta cikakkiyar lambar furosesa da siriyal ɗin kowace a takardar karɓa da rasit, kafin a sa hannu a fara yankar albashin mutane. A duba sunan kamfanin a shafin CAC, kuma in asusun da aka bayar na wani mutum ne daban da sunan kamfanin, kada a tura ko sisi.

Wanda kuma aka riga aka ci, Malam, kada kunya ta sa ka yi shiru. In kuɗi aka gudu da su, kira bankinka nan take, ka kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC da hoton tallar da shaidar turawa. In kaya aka ba ka saɓanin abin da aka tallata, hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana karɓar irin wannan koke. Ka adana hirarku ta WhatsApp tun kafin ya goge nasa ɓangaren, ka kuma sanar da wanda ya saka tallar a zaure, don ya janye ta.