Shiga a kowane gwaji, ko shiga sau ɗaya a adana?

Mai rubuta gwaje-gwajen da kwamfuta ke gudanarwa da kanta a shafukan intanet da ke kulle da kalmar sirri yana da hanya biyu. Ko dai kowane gwaji ya buɗe shafin shiga, ya cika suna da kalmar sirri, ya danna maɓalli, ko kuma a shiga sau ɗaya, a adana kukis ɗin (ƙananan bayanan da burauza ke riƙewa don shaida an shiga) a fayil, sauran gwaje-gwaje su ɗauko daga nan. Manhajar gwaji ta Playwright na yin haka da storageState, takwararta Cypress kuma na yin irinsa da cy.session.

Ta farko ta fi kama da abin da mutum ke yi da hannunsa, amma tana cin lokaci, kuma da an taɓa fom ɗin shiga sai gwaje-gwajen duk su faɗi tare, har waɗanda babu ruwansu. Ni ta biyu na fi so, a ware gwaji ɗaya tak don fom ɗin. Sai dai fayil ɗin nan makulli ne, kada ya shiga Git, ma'ajiyar lambobin manhaja da ake rabawa da abokan aiki.

Fa'idarta ta fi fitowa wajen gwada matsayi, wato wa ke da izinin ganin me, matsalar da OWASP, ƙungiyar tsaron manhajoji, ta sa a sahun farko a jerinta na manyan haɗurra na 2021. Manaja da fayil ɗinsa, ƙaramin ma'aikaci da nasa. Ɓoye wa ƙaramin ma'aikaci maɓallin goge bayanai bai isa ba. A ɗauki fayil ɗinsa, a rubuta adireshin shafin manaja kai tsaye, a ga ko sabar za ta mayar da 403, lambar da ke nufin an hana shi. Wanda bai shiga ba kuwa, 401 ya kamata ya gani, lambar da ke nufin sai ya shiga tukuna, ko a kai shi shafin shiga.